Iskar Hadari da Guguwa

Jawabi ga 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

   

Yau ba baƙi da wasali na zo mu yi ba. Na zo mu yi magana bisa abin da kowa ya sani, amma ba kowa ke yi masa shiri ba, watau iskar farkon damina. Ga shi bazara ta yi nisa. Zafi ya kai inda ya kai, an gama sharar gona, kowa ya zuba ido gabas. Muna roƙon ruwa, Allah ya ba mu mai albarka. Amma ku tuna, a ƙasarmu ruwan fari ba ya zuwa shi kaɗai. Yana da ɗan rakiya, ɗan rakiyan nan kuwa ba shi da kunya. Shi ke yaye jinka, ya kwashe kwano, ya ka da katanga da itatuwa. Da wuya watan Mayu da na Yuni su wuce ba mu ji an ce iska ta yi ɓarna a gari kaza ba.

Magana ɗaya na ke so ku koma gida da ita. Iska ba ta faɗo wa gari ba sallama. Tana da lokacinta, tana da alamunta, tana da hanyar da ta saba biyowa. Wanda ya gyara gidansa tun da rani, ya kuma san inda zai sa kansa da iyalinsa in ta taso, galibi ya kan fita lafiya da yardar Allah.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Bara waccan na tafi duba aji a wani ƙauye. Ba zan faɗi sunansa ba. A cikin 'yan ajin akwai wani magidanci mai ƙwazo, yana da ɗa ɗan shekara goma. Yaron ne ke riƙe masa fitila da dare in yana bitar karatu. A ranin shekarar ya sayar da gyaɗarsa, ya rufa ɗakinsa da sabon kwano. Aka yi aikin da gaggawa. Ba a ɗaure katakon da bango ba, sai dai aka jera duwatsu bisa rufin.

Ran nan bayan la'asar muna cikin darasi, sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Na sallami aji, kowa ya nufi gida. Kafin mu yi taku ɗari, sai ga jar ƙura ta rufe gari, ba ka ganin tafin hannunka.

Mutumin nan ya sami iyalinsa cikin tsohuwar shigifar uwarsa, kowa lafiya. Yana shiga sai ya ji kwanon sabon ɗaki yana ɓalɓal. Zuciya ta ce masa kuɗin gyaɗarsa ne za su tashi. Ya fita don ya danne. Yaron ya bi uban, ba wanda ya lura. Iska ta fizge falle guda, ta yi sama da shi, ta sako shi bisa hannun yaron na dama.

Mun ɗaure raunin, muka jira ruwa ya tsagaita, muka kai shi asibiti cikin dare bisa babur. Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma har yau yatsun hannun nan ba su riƙe alƙalami. Yanzu da hagu ya ke koyon rubutu, a aji ɗaya da ubansa. Uban ne da kansa ya ce in riƙa ba da labarin duk inda na je. Ya ce mini, "Malam, abin da zan ɗaure rufin da shi bai kai kuɗin ɗan akuya ba. Kwanon da na fita dominsa kuwa, ko da na fita bai tsaya ba."

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ISKA IRI UKU

Da farko ya kamata mu rarrabe su, gama ba ɗaya su ke ba.

Ta fari ita ce ƙaramar guguwa ta rani. Ita ce mu ke gani da tsakar rana tana juyi a fili, tana kwasar ƙura da kara. Rana ce ke gasa ƙasa, iskar da ke bisa ƙasar ta yi zafi, ta tashi tana murɗawa. Ba ta da hadari a kanta, ba ta kuwa daɗewa. Ɓarnarta kaɗan ce, sai dai ta kan watsa wuta in ta bi ta kan murhu.

Ta biyu ita ce iskar hadari. Ita ce babbar abokiyar gabarmu. Ga yadda ta ke samuwa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas ta ke zuwa, daga hamada, busasshiya. Da bazara sai wata iska mai laima ta taso daga teku, daga kudu maso yamma. In ta iso ta tarar ƙasa ta yi zafi, sai ta hau sama, ta zama gajimare mai tsawo ƙwarai, wanda ya kan wuce kilomita 12. Can sama akwai sanyi. Ruwa ya kan taru ya yi nauyi, ya zubo tare da iska mai sanyi. Iskar nan in ta bugi ƙasa ba ta da wurin shiga, sai ta bazu gaba da gudu, kamar an kifar da tulu a daɓe. Ita ce sanyin nan da ku ke ji, da ƙurar da ke riga ruwa isowa. Wani lokaci ma ƙurar kaɗai ke zuwa ba ruwa, shi ne holoƙo.

Irin wannan hadari ya kan yi sahu, tsawon sahun ya kai ɗaruruwan kilomita. Daga gabas ya ke tafiya zuwa yamma, wajen kilomita 50 a sa'a guda, galibi da yamma ko da dare. Don haka ƙasar Zurmi, da ta ke gabas wajen iyakar Katsina, ita ta kan riga Shinkafi da Ƙaura ganinsa.

Ta uku ita ce babbar guguwar hadari, wadda Turawa ke kira tonado. Turawan da suka zo ƙasar nan a dā har iskar hadarinmu da wannan suna su ke kiranta, amma ba ɗaya ba ne. Ita wannan daga cikin gajimare ta ke saukowa, tana juyawa, kamar hannun giwa, har ta taɓa ƙasa. Hanyarta ba ta da faɗi, amma abin da ta bi ta kansa sai labari. Mafi tsananinta an auna gudun iskarta ya wuce kilomita 400 a sa'a.

Amurka ce gidanta, can a kan sami fiye da 1,000 kowace shekara. Ran 18 ga Maris 1925 guda ɗaya ta ratsa jihohi uku na ƙasar, ta kashe mutum 695. Ran 26 ga Afrilu 1989 wata ta faɗa wa ƙasar Bangaladesh, inda gidajen talakawa ba su da ƙarfi, ta kashe wajen mutum 1,300. A nan Afirka ma, cikin Yuni 2024, ta sauka kusa da birnin Durban na Afirka ta Kudu, ta rushe gidaje, ta yi kisa. A ƙasarmu ba safai a ke ganinta ba, alhamdu lillahi. Amma shirin da a ke yi mata shi ne shirin iskar hadari. Wanda ya koyi ɗaya ya koyi biyu.

ME YA SA RUFI KE TASHI

Kowa ya yago 'yar takarda, mai faɗin yatsa biyu. Ku riƙe bakinta a ƙarƙashin leɓenku na ƙasa, ku bar sauran ta sunkuya. To, ku hura iska ta bisanta. Kun gani? Takarda ta ɗaga sama.

Haka iska ke yi wa rufi. In ta bi ta kansa da gudu, ba danne shi ta ke yi ba, tsotso shi ta ke yi sama. In kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe, ta shiga ɗaki, sai ta tura shi daga ciki. Ɗaya na ja, ɗaya na turawa. Ta bakin rufi da kusurwa ta ke fara kamawa. In falle ɗaya ya ɗaga, sauran sun zama nata.

Ku riƙe wannan lissafi kuma. In gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin bugunta ninkawa ya ke yi sau 4. Shi ya sa rufin da ya yi shekara biyar lafiya ya kan tashi a dare ɗaya.

AIKIN RANI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da ya kamata kowane mai gida ya gama kafin ruwan fari.

1. Rufin kwano. A ɗaure katakon rufi da bango da langalanga ko da rodi, ɗaurin ya nutsa cikin gini, ba a layin sama kaɗai ba. A yi amfani da ƙusar kwano mai hula, a buga ta bisa tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba. A yawaita ƙusa a baki da kusurwa. Kada bakin rufi ya zarce bango da yawa. Rufi mai gangare huɗu ya fi mai gangare biyu jure iska. In an ɗora wa bango rawani ya ɓoye bakin kwano, ya fi kyau. Katakon da gara ta ci a sake shi. Dutse bisa kwano ba ɗauri ba ne. In rufi ya motsa, kan mutane ya ke faɗowa.

2. Jinka. A sake tanka, a baibaye da sabon shuci, a ɗaure da igiya mai ƙarfi. A ɗaure jinkar kanta da bango ko da turaku. Jinkar rumbu ma haka, gama in ta tashi abincin shekara ne ya jiƙe.

3. Soro da shigifa. A hau a duba. A toshe tsaga, a yi yaɓe, a share indararo. A ƙwanƙwasa azara a ji ko ta ruɓe. Rufin ƙasa ba ya tashi, amma in ya sha ruwa ya yi nauyi, ruɓaɓɓiyar azara ba ta ɗaukarsa.

4. Katanga. Wadda ta tsage ko ta karkata, ko wadda ruwa ya ci gindinta, a gyara ta ko a rushe ta da hannu tun ba ta zaɓi lokacinta ba. A yi wa ruwa hanya ya fita daga gida, kada ya kwanta a gindin bango.

5. Itatuwa. A sare busasshen reshe, da duk wanda ya leƙo bisa ɗaki. Amma kada ku ce za ku sare itatuwan gari, gama su ne garkuwarmu. Garin da ba itace, iska da ƙarfinta duka ta ke shigarsa. A dasa darbejiya da irinta a jere, gabas da gari, nesa da ɗakuna, yadda ko itacen ya faɗi ba zai kai bango ba. Jihar Zamfara tana cikin jihohi 11 na Arewa da a ke aikin dashen nan na tare hamada. Kowa ya dasa nasa, ya kuma yi masa shinge.

6. Tarkace. Tsohon kwano, faranti, bokiti, kujera, galma, duk abin da ke yashe a tsakar gida makami ne a hannun iska. A yi musu wuri. Farantin hasken rana da ke bisa rufi a ɗaure shi tamau.

7. Ɗakin tsira. Wannan ya fi duka. Mai gida da uwargida su zauna su zaɓi ɗaki guda, mafi ƙarfi a gidan: ƙarami, mai lafiyayyen bango da rufi, mai ƙaramar taga, wanda ba ya ƙarƙashin itace. A gaya wa kowa, har yara. A ajiye tocila a ciki, da ruwan sha, da tsumma mai tsabta. Takardun gona da na asibiti da katin shaida a sa su cikin leda a ɗaure. A kuma raba aiki: wane zai ɗauko tsohuwa, wance za ta tattaro yara, wane zai kashe wuta.

Akwai 'yan'uwanmu da rashin zaman lafiya ya raba da garuruwansu, suna zaune a gefen gari cikin bukkar kara da leda. Akwai almajirai masu kwana a rumfa. Waɗannan ba su da ɗakin tsira. Mai unguwa da liman su san inda za su shiga tun yanzu, ko zaure, ko masallaci, ko wani gini mai ƙarfi. Haƙƙin maƙwabtaka ne.

ALAMU

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, watau NiMet, wadda aka kafa a 2003, ta kan ba da hasashen damina a farkon kowace shekara, ta kan kuma ba da na kwanaki. Ku saurari rediyo. In saƙo ya shigo wayarku, ga amfanin karatu, ku karanta da kanku. In hadari ya taso muku da ƙarfi, ku buga wa 'yan'uwa da ke yamma da ku. Kiran minti ɗaya daga Zurmi ya kan ba mutumin Shinkafi lokacin kora awaki gida.

Sauran alamu kun san su: zafi mai gumi tun safe, gabas ta haɗe, cida daga nesa, iska ta ɗauke, sa'an nan bangon ƙura ja ko baƙi. In sanyin nan ya taɓa fuskarka, lokacin shiri ya ƙare, saura shiga ɗaki.

Alamun babbar guguwa kuwa su ne: gindin gajimare yana juyawa, wani abu kamar mazurari yana saukowa, tarkace na juyi a ƙasa, manyan ƙanƙara, da ƙugi wanda ba ya yankewa. Tsawa ta kan yi ta ɗauke, shi wannan ba ya ɗaukewa. Waɗanda suka ji shi sun ce kamar jirgin ƙasa ne. Dattawan Ƙaura, inda dogo ya iso tun 1929, sun san irin wannan ƙara.

Ga awon tsawa. In kun ga walƙiya, ku ƙirga a hankali har ku ji ƙararta. Kowane sakan 3 kilomita 1 ne. In ba ku kai 30 ba, aradu na iya kai muku. Ku nemi ɗaki.

IN TA TASO

Abu huɗu ke kisa: abin da iska ta ɗauko, bangon da ya faɗi, itacen da ya karye, da aradu. Maganinsu kalma uku ne. Ku rubuta su a allonku: SHIGA. DUƘA. RUFE KAI.

In kana gida. A kashe wutar murhu da ruwa, kada a bar ko garwashi, gama iska da wuta da zana ba su haɗuwa a rabu lafiya. A shiga ɗakin tsira. A ƙirga yara da sunansu. A rufe ƙofa da taga, a sa sakata. Masu cewa a buɗe taga don iska ta wuce, kuskure ne. A zauna ƙasa, nesa da taga da ƙofa. In rufi ya fara motsi, a shiga ƙarƙashin gado mai ƙarfi, ko a lulluɓa da katifa, a kare kai da wuya da hannu. Mai goyo ta sauko da jariri, ta rungume shi a ƙirji, ta duƙa bisansa. Kada a taɓa wayar lantarki, kada a jingina da ƙofar ƙarfe.

Kome ka ji yana tashi a waje, bar shi ya tashi. Kada ka fita don kwano, ko shanya, ko akuya. A kan sayi kwano a kasuwa, ba a sayar da hannu.

In kana gona ko kiwo. Tun hadari na nesa ka kama hanya, kada ka ce bari in ƙarasa kunya ɗaya. In ya riske ka, ajiye fartanya da galma nesa da kai. Kada ka fake gindin itace, musamman wanda ke tsaye shi kaɗai, ko kuka ce ko gawo ko giginya. Kada ka tara shanu a ƙarƙashinsa. Sauka daga tudu, fita daga ruwa. In kuna da yawa ku warwatsu, kada ku cure wuri ɗaya. In tsawa ce ta matsa, ba ka da mafaka, tsuguna ka haɗa ƙafafu, ka sunkuyar da kai, kada ka miƙe a ƙasa. Amma in guguwa ce ta nufo ka, ko ka ga kwano da rassa na shawagi, nemi kwari ko rami, ka kwanta rub da ciki, ka rufe ƙeya da hannu biyu. Ka sa ido ga ruwa, gama kwari ya kan cika da sauri.

In kana kasuwa. Ku duba kasuwar Shinkafi ran Alhamis: rumfa bisa rumfa, kwano da buhu da laima. Ba wurin da ya fi rumfa hatsari. Hadari na haɗuwa, a tattara kaya. In iska ta riga ka, bar kayan, nemi ginannen shago ko masallaci, ka zauna nesa da taga. A tafi da natsuwa, kada a tattake yara da tsofaffi.

In kana bisa hanya. Mai babur da mai keke su sauka su nemi gini. Direba ya tsaya a gefe, nesa da itatuwa da falwaya, ya rufe gilashi. Mota mai rufin ƙarfe tana tsare mutum daga aradu, amma babbar guguwa ta kan kifar da ita. In ka ga irin wannan, ga gini kusa, shiga ginin. Kada ka fake ƙarƙashin gada ko cikin kwalbati.

In yara na makaranta. Malam ya riƙe su, kada ya sake su cikin iska. Su duƙa ƙarƙashin benci, nesa da taga. Iyaye kuma kada ku aiki yaro in gabas ta haɗe.

BAYAN TA WUCE

Kada a yi gaggawar fita. A dakata minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Sa'an nan a sa takalmi, a ɗauki tocila, gama akwai ƙusa da tsinin kwano, ga macizai da kunamu da ruwa ya koro.

A fara da mutane kafin dukiya. A ƙirga na gida, a leƙa maƙwabta, musamman tsofaffi da marasa lafiya. Mai zubar jini a danne raunin da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi. Kada a zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu. Ko raunin ƙarami ne, in ƙusa ce ko kwano, a je asibiti a yi allura, saboda ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Wanda bango ya danne, yana kukan wuya ko baya, kada a ja shi. A kwantar da shi bisa ƙyaure, a ɗauke shi a miƙe.

Wanda aradu ta faɗa wa, waɗansu kan ce kada a taɓa shi. Ba haka ba ne. Ba sauran wuta a jikinsa. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, wajen sau 100 a minti, har taimako ya zo. An ceci mutane da yawa ta haka.

Wayar lantarki da ta faɗi, kada kowa ya kusance ta, ko da an ɗauke wuta. A tsare yara, a aika a gaya wa ma'aikata. Kada a kwana jikin bangon da ya jiƙe ya tsage. Rijiyar da ƙazanta ta shiga, a tafasa ruwanta kafin a sha. Gulbin Gagare da na Bunsuru su kan kawo ruwa ko da ba a yi ruwa a garinku ba. Kada a yi gardama da gulbi.

Daga nan sai aikinku, ku 'yan aji. Ku ɗauki takarda ku bi gida gida. Ku rubuta ranar da abin ya faru, da sunan mai gida, da ɗaki nawa ya rushe, da mutum nawa suka ji rauni. Ku ba mai unguwa, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, har ta isa ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Akwai kuma ta ƙasa, watau NEMA, wadda aka kafa a 1999. Maganar baki ta kan ƙaru ko ta ragu a hanya. Rubutu yadda ya tashi haka ya ke isa. Ku rubuta gaskiya, kada ku ƙara ko ɗaki ɗaya.

Kada kuwa a zauna jiran agaji. A kira gayya, a fara da gidan marayu da na gajiyayyu. In za a mayar da rufi, kada a mayar da shi yadda ya ke dā. A ɗaure shi.

ƘARSHE

Na san wani zai ce, "Malam, abin da Allah ya rubuta ba makawa." Gaskiya ne. Amma ban taɓa ganin manomin da ya ƙi shuka don arziki na Allah ne ba. Mu kan yi shuka, mu yi noma, sa'an nan mu roƙi albarka. To, haka za mu ɗaure rufi, mu gyara bango, mu koya wa yara, sa'an nan mu roƙi tsari. Hankalin da mu ke shiri da shi ma kyautarsa ce.

Aikin gida na wannan mako ba a littafi ya ke ba. Gobe da safe kowa ya zaga gidansa, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya sunkuya ya dubi gindin bango. Ya rubuta abu uku da ke bukatar gyara, ya kawo wa malamin aji. Da dare kuma ya tara iyali ya nuna musu ɗakin tsira. In na zagayo, yara zan tambaya, ba ku ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrin iska, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin. Wassalam.

TAMBAYOYI

1. Daga wace kusurwa hadari ya saba tasowa a ƙasarmu?
2. Me ya bambanta guguwar rani da babbar guguwar hadari?
3. Don me ba a buɗe taga in iska ta taso?
4. Ka ga walƙiya, ka ƙirga sakan 12 kafin tsawa. Kilomita nawa ke tsakaninku?
5. Rubuta kalmomi uku na tsira.
6. Wane ɗaki ne ɗakin tsira a gidanku? Rubuta dalili.